Agogo Ɗari, Lokaci Ɗaya

A tashoshin jirgin ƙasa na Suwizalan akwai abin da kan sa baƙo ya tsaya ya ƙura wa agogo ido. Jan hannun da ke ƙirga sakan yakan zagaye fuskar agogon cikin sakan 58 da rabi, in ya iso kan sha biyu sai ya ja birki ya tsaya cik. Dogon hannu ya yi tsalle minti ɗaya, sannan jan ya sake kama hanya. Wanda bai sani ba sai ya ce agogon ya samu matsala, alhali jira yake yi. Umarni yake jira daga wani agogo da ke kulle a wani ɗaki, wanda fasinja ba ya gani, kuma duk agogunan tashar tare suke yin wannan tsalle. Injiniya Hans Hilfiker ne ya tsara fuskar agogon a 1944, aka ƙara masa jan hannun a 1953, sunansa kuma ya shiga littattafai. Mutumin da ya ja wayar da umarnin ke bi daga wancan ɗaki zuwa bakin layin dogo, shi babu mai tambayar sunansa. Sana'arsa nake so mu leƙa.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Agogo ɗaya ne ke riƙe da lokaci, sauran da ke rataye a ajujuwa da ɗakunan jinya da baranda ba su da ta cewa, abin da ya faɗa shi suke nunawa. Turawa sun daɗe suna kiran na farkon ubangida, sauran kuma bayi, har sunan ya fara yi musu nauyi a baki suka sauya. Ni dai na fi ganin kamanninsu da liman da mamu: ba a riga liman, ba a kuma bari ya yi nisa. Na zamani an ƙara masa aiki, ana loda masa jadawali. Ƙarfe kaza a kaɗa ƙararrawar shiga aji, ƙarfe kaza ta fita tara, ranar hutu a yi shiru, magariba a kunna fitilun harabar. Aikin nan ne da a firamarenmu ake ɗora wa ɗalibi guda, a ba shi guntun ƙarfe ya riƙa dukan tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya.

Wani zai ce yau kowa da waya a aljihu, me za a yi da wannan ɗawainiya? To, a ɗakin tiyata ba a ciro waya. Nas ta rubuta lokacin da ta yi wa majinyaci allura da agogon wannan ɗaki, likita ya rubuta lokacin da jiki ya rikice da agogon wancan. In akwai minti bakwai tsakanin agogunan biyu, takarda za ta iya nuna cewa rikicewar ta riga allurar, alhali allurar ce sila. Haka a zauren jarrabawa, haka a masana'antar da ake lissafin albashi da minti. Abin da ake biya wa kuɗi a nan jituwa ce. Agogo ɗari da suka makara da minti ɗaya baki ɗayansu sun fi wa asibiti amfani a kan ɗari da kowanne ke kusa da daidai amma kowa da nasa.

Tun farkon sana'ar, ƙarfinta da rauninta duk a hanyar saƙo suke. Alexander Bain, mutumin Sukotland, ya yi rajistar agogon lantarki a 1841. A 1852 aka kafa agogon Charles Shepherd a gidan nazarin taurari na Girinic, inda sunan GMT ya samo asali. A lokacin shi ke juya agogon bakin ƙofar gidan, yana kuma aika lokaci ta wayar tangarahu zuwa Landan, daga nan a raba wa garuruwa. Mutanen Faris kuwa da iska suka yi nasu. Daga 1880 aka shimfiɗa bututu a ƙarƙashin birnin, kowane minti a huro iska ta tura hannun agogunan tituna da otal-otal da gidaje. Da kogin Sen ya yi ambaliya a watan Janairun 1910, ruwa ya ci gidan da ke hura iskar, agogunan suka tsaya tare a kan 10:53 na dare. Ba su ne suka lalace ba, hanyar saƙon ce ta yanke.

A Ingila, kamfanonin Synchronome da Gent sun cika makarantu da masana'antu da wani tsari da har yanzu akan tarar a tsofaffin gine-gine. Babban agogo mai lilo yana sakin bugun wuta ɗaya duk rabin minti. Waya guda ce ta shiga agogon farko ta fita, ta shiga na biyu ta fita, kamar zaren carbi, har ta zagayo gida. In ta tsinke a wuri ɗaya, ko ɓera ya ci ta a silin, ginin duka ya tsaya. Masu wannan aiki suna da dabarar ladabtar da agogon da ya yi gaba: a ɗora guntuwar waya ta haɗe ƙafafunsa biyu, bugun ya riƙa wucewa ta gefe, shi yana tsaye har 'yan'uwansa su cim masa. A sauran ƙasashen Turai an fi son bugun minti ɗaya na bolt 24, wanda ke juya fuska kowane minti. Wanda ya ɗaura wayoyin biyu a juye, agogonsa zai yi tafiya lafiya lau, sai dai kullum akwai minti ɗaya tsakaninsa da jama'a.

Aibin waɗannan duka ɗaya ne: agogon da bugu ya wuce shi, ya wuce ke nan, sai an hau tsani. Amurkawa suka samo magani, kuma a ganina babu dabarar da ta kai ta kyau a wannan sana'a. Kamfanin IBM, wanda yau aka sani da kwamfuta, agogon ma'aikata na cikin abin da ya tashi da shi, bai kuma rabu da wannan sashe ba sai 1958 da ya sayar wa Simplex. Tsarin IBM ɗin waya uku ne, A da B da ta komawa. Kowane agogo wayar A yake saurara, amma da hannunsa ya kai minti na 59 sai wani ɗan makunni a cikinsa ya mayar da shi kan B. A mintuna goman ƙarshe na kowace awa, babban agogo yakan daina bugu a kan B. Saboda haka wanda ya yi gaggawa ya iso 59 kafin lokaci, nan zai zauna. Cikin minti na 59 ɗin kuma sai a saki bugu masu sauri a kan A, wanda ya makara ya yi ta sassarfa har ya iso sahu. Awa na cika a buga wa A da B tare, kowa ya tashi lokaci guda. An zaunar da mai gaggawa, masbuƙi ya riski jama'a. Amma a samu mai haɗi ya musanya A da B a bayan agogo ɗaya, wannan agogo zai riƙa zubar da mintuna duk awa, a yi ta zagin kamfanin da ya ƙera shi.

Babban agogo na yau ba shi da lilo, ba shi ma da kyan gani. Akwatin ƙarfe ne a bangon ofis, da ɗan allo da maɓallai. In an buɗe murfin sai a ga jerin ƙananan sukuru, rukuni-rukuni, kowane rukuni da harshen da yake ji: na wutar da akwatin ke ci, na tsofaffin agoguna masu bugu, na ƙararrawa, na kwamfuta, na eriya. Yawancin kwangila ma ba sabon gini ba ne. Aurar da sabon akwati ne ga agogunan da suka girme shi da shekara arba'in, shi ya sa akwatin kan zo da jerin salon gyara na kamfanoni iri-iri, mai haɗi ya sauke agogo ɗaya, ya duba bayansa, ya zaɓi lambar da ta dace.

Mafi sauƙin harsunan shi ne RS-232, wanda ake haɗa akwatin da kwamfuta don loda jadawali. Waya uku ce: ta ji, ta faɗa, da ta ƙasa, a filogi mai fil tara, su ne na 2 da na 3 da na 5. Ƙa'idar ba ta wuce ta hira ba, bakin wannan ya tafi kunnen wancan. Sabon shiga yakan haɗa baki da baki, kunne da kunne, ya zauna yana jiran amsa. Dole kuma ɓangarorin biyu su yarda da saurin magana ɗaya, galibi 9600, in ba haka ba allo ya cika da shirme. Ba ya tafiya mai nisa, mita 15 ya gaji.

Inda gizo ke saƙar shi ne RS-485, layin da ke kai lokaci ga agogunan zamani a faɗin gini. Waya biyu ce a tufke kamar igiya. In wuta ta hau a ɗaya sai ta sauka a ɗayar, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa. Hayaniyar da injin lifta ko famfo ko fitila ke watsawa, tunda wayoyin a tufke suke, daidai wa daida take taɓa su, bambancin bai sauya ba, saƙo ya isa lafiya. Da wannan hikima layin kan kai mita 1,200, yana ɗauke da na'ura 32 bisa ƙa'idar da aka fitar a 1983. In an wuce haka sai a sa na'urar da ke karɓar saƙon ta sake ɗaga shi, kamar mai isar da kabbara ga sahun baya a filin Idi.

Amma layi ne mai sharuɗɗa. Yana son a jera agoguna ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi jinin rassa. Mai wayarin gida kuwa ya saba da jan kowane ɗaki zuwa akwatin mahaɗa ɗaya, kamar sawun kaza, don haka in aka ba shi wannan aiki hannunsa ne zai yaudare shi. Dalilin shi ne saƙo in ya kai ƙarshen waya ya tarar da ita a buɗe, dawowa yake yi, amsa-kuwwa ta haɗu da sabuwar magana ta dagula ta, kowane reshe kuma da tasa amsa-kuwwar. Maganinta ɗan rizista ne na om 120, abin da bai fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, ɗaya a farkon layi ɗaya a ƙarshe. Gwani ba ya buƙatar hawa silin don ya san ko suna nan. Ya kashe wuta, ya ɗora mitarsa a kan wayoyin biyu. In ta nuna kusan 60, biyun suna nan. In 120 ne, ɗaya babu. In 40 ne, wani mai neman suna ya ƙara na uku a tsakiya. In ta faɗi kusa da sifili, wayoyin sun taɓa juna. Akwai kamfanonin da kowane agogonsu ke karɓar saƙo ya sake aika shi da kansa, a nan lissafin ya sauya, shi ya sa gwani na gaske ba ya jin kunyar buɗe littafin da ya zo da kayan.

Sai sulken da ke lulluɓe da wayar, wata siririyar takardar ƙarfe. Gefe ɗaya kawai ake haɗa shi da ƙasa. Wanda ya haɗa gefe biyu don ƙarin tsaro, ya buɗe wa wata wuta hanyar zagaye ta cikin sulken, abin da aka sa don korar hayaniya ya zama mai kawo ta, tufka da warwara. Ba a kuma zura wannan waya bututu ɗaya da ta wutar gida. In dole sai sun haɗu, ta ƙetare ta kai tsaye ta wuce, kada su jera. Layin da ya fita daga wannan gini zuwa wancan kuwa, a ƙasar da damina ke zuwa da tsawa, ko a sa masa kariya ko a mayar da shi zaren gilashi, in ba haka ba hadari ɗaya ya ƙone akwatin.

Abin dariyar shi ne, su kansu kamfanonin ba su daidaita a kan wace ce A wace ce B ba. Abin da wannan ya kira A, wancan B yake ce masa. A wurarenmu, inda masu haɗa kyamarar tsaro da wayar cikin gida ne kan ɗauki irin wannan aiki, ba abin mamaki ba ne ka ji yaro daga kan tsani yana cewa, "Oga, A na kan A, B na kan B, amma shiru." Maigidan ko ɗaga kai ba zai yi ba. "Kai dai juya su." Juyawar ba ta ƙona komai, sau da yawa kuma ita ce maganin.

Sababbin gine-gine sun koma wayar intanet ta cikin gida, mai siraran wayoyi takwas. Kowane agogo da tasa wayar zuwa akwatin raba layi, kada ta wuce mita 100, kuma tun ƙa'idar PoE ta 2003 wayar nan ɗaya ce ke kai wuta da saƙo. Hannu har yanzu da aikinsa: jerin launukan ba ya karɓar kuskure, tufkar kuma ba a warware ta fiye da milimita 13 a bakin filogi. Lokacin kansa yana zuwa ne ta tsarin NTP, wanda David Mills na jami'ar Delaware ya ƙirƙiro wajen 1985, ta ƙofa mai lamba 123. In mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya rufe wannan ƙofa, duk kyawun wayarka agogo ba zai motsa ba. Don haka mai wannan sana'a a yau sai ya iya lallashin mutumin da bai taɓa riƙe filaya ba.

Shi kuma liman, wa yake bi? A Amurka akwai tashar WWVB a jihar Kolorado, a Jamus akwai DCF77 kusa da Frankfurt, dukansu lokaci suke watsawa ta rediyo. Ta Jamus tana kai kusan kilomita 2,000, ke nan ba abin dogaro ba ce ga Kano ko Damagaram. Mu namu tauraron GPS ne ko intanet. Eriyar tana son sararin sama a buɗe, wayarta kuma akan lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya biyo ta har cikin akwati. Tauraron lokacin duniya yake bayarwa, mai haɗi ne zai gaya wa akwatin inda yake: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi a ƙara awa ɗaya, Ghana ba ƙari, Sudan awa biyu. Kada kuma ya manta da kashe umarnin sauya agogo na lokacin zafi. Akwatin da aka saita wa dokar Amurka, Lahadi ta biyu a watan Maris zai yi gaba da awa ɗaya, ranar Litinin ƙararrawa ta tashi makaranta ba a shirya ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan. Makarantun Amurka cike suke da agoguna masu ɗan inji da ke ƙirga kaɗawar wutar lantarki ita kanta. Waya uku gare su, baƙa da fara na wuta, ja ta gyara. A salon Simplex, duk awa in minti 57 da sakan 54 ya yi, sai a saki wuta a jar wayar na sakan 8, dogon hannu ya ruga ya daidaita. A 5:57:54, safe da yamma, a riƙe ta sakan 14 don gajeren hannu ma ya gyaru. Wutar Amurka sau 60 take kaɗawa a sakan, tamu sau 50. Wanda ya ga arahar irin wannan agogo a kayan gwanjo, ya saya masa taransifoma ya rage bolt ya ɗauka ya gama, zai tarar yana tafiyar minti 50 a awa. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Ko wanda aka ƙera don 50 ɗin, a kan janareta yadda injin ya ga dama haka zai tafi. Turai da kanta ta ɗanɗana: a farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya ɗan rage kaɗawar wutar nahiyar, agogunan da ke dogara da ita suka makara da kusan minti shida.

Ƙararrawa ba ta da dogon bayani. Rilen da ke cikin akwatin makunni ne kawai, ba ya ba da wuta, sai an kawo masa daga waje. In ƙararrawar babba ce, tartsatsin da take yi duk kaɗawa zai cinye bakinsa, saboda haka akan sa wani babban makunni a tsakani ya ɗauki dukan. Agogunan bolt 24 na ƙarshen layi kuma in waya ta yi siriri wuta ba ta isa gare su da ƙarfi. A ma'aunin Amurka waya mai lamba 14 ta fi mai lamba 22 kauri, abin da kan rikita mai sayayya.

Ni da zan ɗauki mai wannan aiki, ba agogunan bango zan duba ba, don ranar miƙa aiki kowa nasa daidai yake. Murfin akwatin zan buɗe. Ina so in ga kowace waya da ɗan tambarinta, an rubuta inda ta fito da inda ta nufa. In ga bawon waya an feƙe shi daidai, babu gashin tagulla ko ɗaya da ya leƙo yana neman maƙwabcinsa. In ga takarda a manne cikin murfin, da zanen yadda layin ya bi da ɗakin da rizistan ƙarshe yake, yadda aka ja shi a zahiri, ba yadda mai zanen gini ya so ba. Wanda zai amfana da wannan takarda wani ne da zai zo bayan shekara goma, mai yiwuwa ma abokin gasa. Shi ya sa da yawa ba sa rubuta ta.

Gwajin ƙarshe ba ya son gaggawa. A cire wa akwatin wuta a ga ko batirinsa ya riƙe lokaci da jadawali. Sannan a tafi ɗakin da ya fi kowanne nisa, inda duk wani rauni na layi ke taruwa, a sauke agogonsa a ɓata shi da gangan, a mayar. Akwatin yana da maɓallin tilasta gyara, amma wannan ba ya nuna ko zai yi da kansa in babu kowa. A ginin da ke kan tsohon tsarin jar waya, sai dai a jira shida saura. Ɗalibai sun watse, maigadi yana kaɗa makullai a baranda, mai haɗi yana zaune a kan bencin yara da tsaninsa a jingine, ido a bango. Minti 57, sakan 50, 52, 54. Sai a ji ɗan ƙas daga cikin agogon, dogon hannu ya zabura.